Lahadin da Muka Sato

"Kowa ya tsaya inda yake! Wanda ya motsa, uwarsa ta haifi wani!"

Muryar Anatole ce. Ni ina ƙasa a ɗakin girki, kwandon wanki a gabana, amma na ji ta kamar a kunnena ya yi ihun. Kofi ya faɗi ya tarwatse. Wata mata ta ƙwalla ƙara, aka daka mata tsawa, ta haɗiye.

Ƙarfe uku ne na ranar Alhamis, watan Mayu, shekarar 1907. Duk Alhamis Vasseur mai masaƙa yakan tara baƙi a falonsa na sama, su sha shayi, su kalli zane-zanen da ya saya. Abin da ya faru a falon ban gani ba. Na ji shi daga bakin yayana Prosper, na kuma sake jin sa daga bakin shaidu a kotu, bai canza ba.

Prosper ya shiga bayan Anatole, fuska a ɗaure da ƙyalle. Ya tarar da Vasseur tsaye gaban babban zanen, hannunsa a sama, maganar da yake yi ta maƙale a bakinsa.

"Ƙarasa mana, Yallaɓai," in ji Prosper. "Na ji ka tun daga matakala. Ka ce talakawan nan ba su da komai, ba sa kuma son komai. Sai me?"

"Ku... ku ɗauki agogona. Akwai azurfa a—"

"Wannan ta tsakiya, mai jan ɗankwali. Wace ce?"

"Ba kowa ba ce. Wata mai wanki ce tana rawa."

"Mélanie sunanta. Kuma ba rawa take ba. Takalmin aro ne a ƙafarta, yana matse ta, shi ya sa ta ɗaga ƙafa ɗaya."

"Kai dalla!" Anatole ya katse shi. "Hira muka zo? Sauke mana kaya mu ware!"

Bari in faɗa muku su waye mu.

Sunana Honorine Lacaze. Wanki nake yi tun ina shekara goma sha biyu, a jirgin wanki da ke ɗaure a bakin kogin Marne. Prosper ya girme ni da shekara shida. Matuƙin jirgin ruwa ne, yashi da gawayi yake kaiwa Paris.

Shekara goma sha tara kafin wannan Alhamis, wani mai zane ya riƙa zuwa shagon abinci da giya na Inna Gauchet duk Lahadi. Eusèbe Tarnier sunansa, siriri, kullum cikin tari, wandonsa duk fenti. Ya kafa katakon zanensa ƙarƙashin bishiya, ya yi Lahadi biyar yana zana mu: tebura, soyayyen kifi, kwalaben giya, mai goge zaune kan ganga, mu kuma muna ta shirmenmu. Da ya gama muka taru muka kalla, muka yi dariya har da hawaye. Kogi ja. Rabin fuskata kore. Fentin kuma a dunƙule kamar man shanu a kan burodi.

"Kai Tarnier, a buge ka yi wannan?"

Amma Mélanie ta fito. Matar Prosper, wata huɗu da aure. Duk da launukan hauka, wanda ya duba sai ya ce ita ce, har yadda take cije leɓe in abu ya dame ta.

Shekara ta zagayo, ta mutu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Tarnier ma bai daɗe ba, tari ya kai shi kushewa. Zanen ya zauna a bangon Inna Gauchet yana shan hayaƙi, Prosper kuma duk Lahadi yana ƙarƙashinsa da kofi ɗaya. Ba shi da wani hotonta. Irinmu ba ma zuwa wajen mai hoto.

Wata rana ya dawo daga tafiyar wata biyu, ya tarar da ƙusa kawai a bango. Wani mai doguwar hula ya zo daga birni ya saya. Inna ta ce rufi ke yoyo, ya za ta yi? Prosper ya juya ya fita. Ya ɗaure jirginsa bayan madatsar ruwa, bai ƙara kwance shi ba. Daga nan ya haɗu da Anatole, suka shiga fasa shaguna da tare masu ɗaukar albashi.

Ni ce na gano inda zanen yake. A watan Maris aka ba ni wankin gidan Vasseur. Wata rana aka ce in hau sama in kwance labule. Ina ɗaga kai, sai ga ni a bango, 'yar shekara goma sha takwas, riƙe da kifi ta wutsiya. Da na riƙe bakina, da shi ke nan. Ban riƙe ba.

Muka haɗu ranar Lahadi da hantsi, a bargar Gaspard. Gaspard ƙato ne mai keken doki, 'ya'yansa biyar, bai taɓa riƙe bindiga ba.

Anatole ya tuntsire da dariya. "Fenti a ƙyalle? Prosper, ka fara zarewa ne? Gida cike da azurfa, kai ƙyalle za ka ɗauko?"

"Akwai mai saye. Wani Ba'amurke, yana jira a tashar jirgin ruwa ta Le Havre. Abin da zai bayar, kai da bindiga har abada."

"Wa ya haɗa ku?"

"Ba ruwanka."

Gaspard yana ta murza hularsa. "Ba jini dai ko, Prosper?"

"Ba jini. Kai dai ka tsaya da doki a lungun baya. Honorine ta ƙwanƙwasa, tsohon ya buɗe, mu shiga. Minti goma."

Tun muna yara, in Prosper zai yi ƙarya takalminsa yake kallo. Ranar bai ɗaga ido daga takalmin ba. Na san babu wani Ba'amurke. Ban tona shi ba.

Tsohon da yake nufi Barnabé ne, mai tsaron ƙofar baya. Shekararsa arba'in a gidan. In na zo da sanyi, hannuwana a tsage, sai ya zuba mini kofi da madara, ya ce in zauna kusa da murhu tukuna. Ranar Alhamis ɗin na ƙwanƙwasa na ce, "Baba Barnabé, wanki ne."

Ya zare sakata yana murmushi. "Yau ai ba Litinin ba ce, 'yata."

Suka banko ta bayana. Suka ɗaure shi a kujera da tawul ɗin da ni na wanke, suka cusa masa wani a baki, suka hau sama. Aka bar ni da shi. Bai yi ƙoƙarin kwancewa ba. Kallona kawai yake. Ni kuma na kalli murhu.

Sai ƙafafu a matakala — dididi! Prosper a gaba, rungume da zanen, sun ɓalle katakon zinariyar da ke kewaye da shi sun nannaɗe shi da zanen gado. Anatole a baya, bindiga a hannu.

"Fita! Fita, Honorine!"

Anatole ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Tsohon nan ya san ta."

"Bar shi, mu tafi!"

"Ya san sunanta, ya san inda take wanki. Kafin yamma muna hannu."

"Anatole, na ce—"

Tau!

Kujerar ta kife. Ban yi ihu ba. Har yau ban san dalili ba.

"Wayyo Allah, me kuka yi?" Gaspard ke tambaya daga kan keke. "Ƙarar me na ji?"

"Ja doki, ɗan iska! Ja!"

Bulala — fyau! Doki ya zabura. Prosper da Anatole suka kwanta cikin kwandunan wanki, na jibga musu zannuwa. A bayanmu taga ta buɗe, wani yana ihu, "Ɓarayi! Sun yi kisa!" Usur ɗin 'yan sanda ya tashi a kan titi. Wani usur ya amsa. Gaspard ya karya hagu, ya karya dama, ya kutsa cikin kasuwar kayan miya, kwandon wata mata ya tashi sama, albasa ta watse, tana zagin kakanninmu. Muka fita ta ɗaya gefen. Usur ya yi nisa.

"Sassauta," na ce masa. "Mai wanki ba ya gudu."

A ƙofar gari ma'aikacin haraji ya ɗaga hannu. Ya zagayo da sandarsa mai tsini.

"Me ke ciki?"

"Dattin masu kuɗi, Yallaɓai," na ce. "Akwai na mai gudawa a sama. Ko in buɗe maka ka shinshina?"

Ya yatsina fuska. "Wuce, ƙazama."

Muka wuce. Gaspard yana kuka ba sauti, hawaye na bin gemunsa.

A gidan Vasseur kuwa, Sufeto Rabourdin ya iso kafin ƙarfe huɗu. Gajere ne, mai sanyin magana. Ya daɗe tsaye kan gawar Barnabé, sannan ya hau sama. Vasseur na ta safa da marwa.

"Ka san abin da suka ɗauka, Sufeto? Babu irinsa a ƙasar nan! Ina son a dawo mini da shi ba ko ƙwarzane!"

"Mutuminka na ƙasa, yana da iyali?"

"Wa? Oh. Ban sani ba. Ku tambayi mai girki."

Baƙin ba su da abin faɗa. Fuskoki a rufe, ɗaya dogo, ɗaya madaidaici. Sai wata tsohuwa mai tabarau ta ɗaga yatsa.

"Dogon ya ce takalmin aro ne."

"Takalmin wa, Uwargida?"

"Na matar da ke cikin zanen. Har sunanta ya kira. Ya ce yana matse ta."

Sufeto ya juya a hankali. "Yallaɓai Vasseur, kana da hoton zanen nan?"

Yana da shi, ƙarami, baƙi da fari, a littafin kayansa. A ƙasa an rubuta inda aka zana shi. Sufeto ya sa a aljihu.

Gari na wayewa yana shagon Inna Gauchet da mutum shida. Ya bar su a waje, ya shiga shi kaɗai, ya sayi kofi, ya ajiye hoton a tebur kamar mai yawon shaƙatawa. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma shekaru ta yi tana goge wa zanen nan ƙura. Ta yi murna ƙwarai.

"Kai, yarana! Ga mai goge, ya rasu. Ga Honorine da kifinta, mai bakin tsiya. Ga Mélanie, Allah sarki. Wannan mai juya baya mijinta ne, Prosper, wan Honorine. Ai da aka sayar kamar na kashe shi."

"Yana ina yanzu, Inna?"

"Oho. Jirginsa dai na nan bayan madatsa, yana ruɓewa."

Ba ta san me ta yi ba sai da ta ji harbi.

A cikin jirgin muke. Prosper ya jingina zanen da bango inda haske ke shigowa ta ƙofar sama, ya zauna a kan buhu a gabansa. Tun jiya bai ci ba, bai sha ba. Gaspard na can lungu, kansa tsakanin gwiwoyi. Anatole ya fita tun asuba, ya dawo wajen ƙarfe tara da jarida, ya wurga ta a ƙafar Prosper.

"Duba. Shafin farko. Har da zanen. Yaushe jirgin Ba'amurkenka zai tashi?"

Prosper bai ɗauke ido daga zanen ba.

"Da kai nake, maigida."

"Babu Ba'amurke."

Gaspard ya ɗago kai. "Me ka ce?"

"Ba na sayarwa ba ne. Ku yi haƙuri. Zan nemo muku wani aiki, rabona duka ku ɗauka."

"Wani aiki?" in ji Gaspard. "Prosper, an kashe mutum. Ni na ja keken. 'Ya'yana biyar. Ka ce mini ba jini, ka ce mini zan sayi doki na biyu. Ashe don ka zauna kana kallon bango ne?"

Prosper bai iya kallon sa ba.

Anatole bai yi ihu ba. Murmushi ya yi. "Ai na sani. Tun da ka tsaya zuba a falon mutane na gane. Shi ya sa na biya wajen wani mutumina da safen nan. Ya ce a dunƙule ba mai taɓa shi, duk duniya ta gan shi. Amma in aka yanka gida shida, kowane yanki ƙaramin zane ne. Wannan ta tsakiya ita kaɗai ta ishe ni."

Ya zaro wuƙa.

"Anatole, kada ka matso."

"Na sa wuyana a kan gawar matarka, shege! Sai na ci wani abu!"

"Yaya, bari!" na ce. "Yaya!"

Prosper ya yi tsalle. Suka haɗu — gam! Suka zube kan buhuna. Wuƙa ta faɗi. Prosper ya shaƙe shi, fuskar Anatole ta yi jawur, hannunsa na laluben ƙugu—

Tau! Tau!

Prosper ya saki. Ya zauna daɓas, hannu biyu a ciki, yana kallon jinin kamar ba nasa ba. Na faɗa kansa. Anatole ya miƙe yana tari, ya ɗauki wuƙar, ya nufi zanen. Kyaat! Kyaat! Sau huɗu. Ya zare Mélanie daga kai zuwa ƙirji, ya naɗe, ya cusa cikin riga.

Sai usur a waje. Takalma a kan katakon jirgi.

"Hukuma ce! Ku fito hannu a sama!"

"Kar ku harba!" Gaspard ya yi ihu. "Ni mai keke ne! Mai keke ne kawai!"

Anatole ya haura ta ƙofar gaba. Na ji gudunsa a samanmu, na ji "Tsaya!", na ji harbi uku, sannan — tsundum!

Prosper ya kama hannuna. Leɓunansa sun yi fari.

"Honorine. Juyo mini da ita."

Na waiga. Ga mai goge, ga tebura, ga ni da kifina. A tsakiya rami ne mai kusurwa huɗu, ana hango katakon jirgi ta ciki. Na gyara zama yadda jikina zai tare.

"Ga ta nan, Yaya. Tana kallon ka."

"Ba na gani sosai."

"Hasken ne ya ragu. Tana nan."

Ya gyaɗa kai. Lokacin da Sufeto Rabourdin ya sauko, ya tsaya ya cire hularsa, ya bar ni har na rufe masa ido, sannan ya sa mini ankwa.

Anatole a bakin madatsa suka tsamo shi, harsashi a kafaɗa, ya sha ruwa ya ƙoshi. Rigarsa a buɗe, babu komai ciki. Kwana uku suna jan ƙugiya a ƙasan kogi. Sun samo tsohon takalmi da gawar kare.

A kotu Anatole ya ce Prosper ne ya harbi tsohon. Na tashi na ce ƙarya yake, a gabana aka yi. Alƙali ya tambaye ni wa ya sa Barnabé ya buɗe ƙofa. Na ce ni. Aka fille kan Anatole a farkon sanyi. Gaspard aka ba shi ɗaurin rai da rai, aka sa shi a jirgi zuwa ƙetaren teku, zazzaɓi ya kashe shi a shekara ta biyu. Matarsa ta raba yaran gidajen mutane, biyu ban san inda suka ƙare ba. Barnabé ashe yana da 'yar'uwa makauniya a ƙauye, shi ke ciyar da ita. Ta zo kotu, aka zaunar da ita a bayana. Ba ta zage ni ba. Ta tambaya ne kawai ko ya sha wahala. Inna Gauchet ta rufe shago. Ni shekara shida aka ba ni, kuma a can ma wanki na yi.

Vasseur bai yi asarar komai ba. Jaridu suka yi wata guda suna maganar zanen, wanda bai taɓa jin sunan Tarnier ba ya ji. Ya sa aka gyara, ya ba gidan ajiyar zane na birni kyauta, aka kafa sunansa a farantin tagulla.

Da na fito, sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa. Na ari riga mai kyau. Na hau matakalar dutse, na bi ɗakuna har na same shi, shi kaɗai a bango, an ja igiya a gabansa.

Gyaran ya yi kyau. Ko ɗinkin ba a gani. A hoton nan na Vasseur fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, sai mai gyaran ya cike sauran daga kansa. Ya ba ta ƙaramin hanci, da jan kumatu, da haƙora farare, tana dariya. Ɗankwalin nata ne. Hannuwan nata ne, manya, jajaye saboda sabulu. Fuskar ta wata ce.

Na daɗe a tsaye. Ina ƙoƙarin tuno ainihin fuskar, in ɗora ta a wurin. Sai na ga ta fara ɓace mini. Shekara ashirin da huɗu da binne ta, kuma duk wanda zan tambaya ya mutu.

Ban san na tsallake igiyar ba sai da mai gadi ya taɓa kafaɗata.

"Uwargida, ba a matsawa kusa." Ya dube ni, ya dubi zanen, ya sassauta murya. "Kin san ta ne?"

"A'a," na ce. "Ban taɓa ganin ta ba."

Na sauko, na mayar da rigar aro, na koma bakin kogi. Akwai wankin gida uku yana jira na.